Launin da Dikon Beasley Yake Gani

Kafin motar kwasar shara ta shigo layinmu, Mis Odessa Pettiford ta riga ta fito. Haka take tun kafin a haifi yawancinmu. Wandon aiki wanda ya manta cewa shi fari ne, hular ulu har kunne, gahawa a tsohon kofin roba. Ta kankare ƙanƙarar da ta kwana a gilashin mota, ta ɗaure tsani a sama, ta zagi injin har ya ji kunya ya tashi. Ba ta doguwar gaisuwa. Ka ce mata ina kwana, ta ɗaga haɓa. Ka tsaya kusa da bokitin fentinta, ta ce ka matsa. Da yamma ta dawo ta zauna a bakin ƙofa tana wanke buroshi ɗaya bayan ɗaya, ba ta shiga ta ci abinci sai na ƙarshe ya fita tas.

Yanzu ba ta fita. A coci an sanar cewa ta yi ritaya. Aka tafa, aka wuce zuwa sanarwar cin abincin Lahadi. Ritaya wai. Waɗanda suka tafa ɗin sun san ba haka ba ne. Ture ta aka yi. Shi ya sa wannan rubutun.

A ɓangarenmu na gabashin birnin Cleveland, a nan Amurka, da wuya ka shiga gidan da hannunta bai taɓa ba. Kakanninmu mata kicin ruwan ɗorawa suke so. Hunturu a nan dogo ne, sama ta yi wata da watanni kamar tsumman goge tukunya, sai mace ta ce aƙalla ɗaki ɗaya a gidanta zai yi rana. Mis Odessa ce take shafa musu. Kuma duk duniya babu launin da ta ƙi jini kamarsa. Gidanta fari ne sama da ƙasa.

"Launin wahala," haka take kiransa. "Ba ya rufa wa bango asiri. Ka shafa, na ƙasa ya leƙo. Ka sake shafawa, ya sake leƙowa. Wanda ya ƙirƙiro shi bai taɓa hawa tsani ba."

Tana mita tana shafawa. Ba a taɓa jin ta bar bango da dabbare-dabbare ba.

Shekarar da gobara ta cinye kicin ɗin Loretta Whitlow, ta bar ta da ƙananan yara suna tari cikin warin hayaƙi, Mis Odessa ce ta zo da soso ta kankare baƙin har fatar yatsunta ta saɓule, sannan ta mayar da kicin ɗin yadda yake. Maƙwabta sun gani. Autan Loretta, Darnell, lokacin yana tatata, har ya tsoma ƙafa a bokitinta ya bi tsakar ɗaki yana buga sawu.

Darnell ɗin nan ya girma ya zama dillalin gidaje. Tsofaffi suna mutuwa, 'ya'yansu suna nesa, gidaje suna shiga hannunsa. Su dillalai ƙa'idarsu ɗaya ce: kafin mai hoto ya zo, a shafe gida da ruwan toka. Bango, ƙofa, taga, duka. Wai don mai saye ya ga gidan kamar ba a taɓa zama a cikinsa ba. A shekarun nan kusan duk aikin fenti da ya rage a unguwar irin wannan ne, kuma ta hannun Darnell yake biyowa. Mis Odessa ta yi masa da yawa. Kicin-kicin ɗin da ta shafa da ƙuruciyarta, ita ta koma ta binne su da tsufanta. Ba ta taɓa cewa a'a ba.

"Gidan da babu kowa, ko baƙi ka ce zan shafa," in ji ta.

Sai aka zo kan gidan Dikon Lucius Beasley. Dikon ɗin muƙaminsa ne na dattijon coci, da shi kowa yake kiransa.

Dikon ya ƙare ƙarfinsa a masana'antar ƙarfe. Matarsa Hattie ta rasu. 'Yarsa ɗaya, Yolanda, tana can Atlanta. Idonsa ya dushe, ba ya gane fuska, ba ya karatu. Abin da ya rage masa haske da duhu, sai launi in mai ƙarfi ne. Da wannan ɗan abin yake zaune shi kaɗai, yana dafa ƙwansa, yana wanke rigarsa. Inda ya ga ɗorawa, kicin ne. A gefen kicin ƙofofi biyu ne kusa da juna: fara ta banɗaki, mai ruwan ƙasa ta matattakalar ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Kowa ya san haka yake gane gidansa. Yolanda ta sani. Darnell ya sani. A riƙe wannan, don kada wani ya zo daga baya ya ce kuskure ne.

Wata safiya Darnell ya kira Mis Odessa gidan. Ta same shi a kicin yana kallon silin, Dikon yana zaune a tebur da farantinsa.

"Ba wani aiki ba ne a wurinki, Mis Odessa. Sama da ƙasa, ruwan toka. Har ƙofofi. Mai hoto yana tafe."

"Shi kuma ina za ka kai shi?"

"Wa?"

"Mutumin da kake tsaye a kicin ɗinsa ba ka gaishe shi ba."

"Haba, na gaishe shi."

"Silin ka gaisar. Ina kallonka."

Darnell ya yi irin dariyar nan tasu ta masu katin suna a aljihu. "Yolanda ta samo masa wuri a gidan kula da tsofaffi. Wuri mai kyau, har da lambu. Gado ne dai babu sai sanyi ya wuce."

"To in sanyin ya wuce ka kira ni."

"Kasuwa ba ta jira."

Ta juya. "Dikon, ka ce a sayar?"

Tsohon ya ajiye cokali. "Na ce zan yi addu'a a kai, 'yar'uwa."

"Ka ji. Bai gama addu'a ba."

"Mis Odessa, ki duba kicin ɗin nan don Allah. Wa zai sayi gida yana jin kamar a cikin ƙwai yake?"

"A irinsa uwarka ta raine ka, ga ka nan har da takalmi mai tsini. Ni ba na shafe gida da mai shi a ciki. In ya fita da ƙafarsa, ko an fitar da shi a akwati, ka san lambata."

Ta ɗauki kofinta ta tafi.

Bai kira ta ba. Ya jira Yolanda ta zo hutun ƙarshen mako, ta ɗauki mahaifinta suka tafi Akron gaida dangi. Makulli yana hannun Darnell. Ya kawo masu injin feshi. Su ba su da laifi, an ce su fesa, sun fesa. Kafin Dikon ya dawo, gidan da ya yi rabin rayuwarsa a ciki ya koma launi ɗaya, kamar an cika shi da hayaƙi. Yolanda ta ce kai, gida ya yi kyau, ta kama jirginta.

Bai yi mako ba. Da safe ya tashi zai shiga banɗaki, ya lalubi ƙofa, ya buɗe, ya sa ƙafa a inda babu ƙasa. Mai kawo wasiƙu ce ta ji nishinsa ta ƙaramar tagar ƙasa. Goshi ya tsage, wuyan hannun hagu ya karye. Mutumin da ya yi shekaru yana hawa da sauka a matattakalar nan da kwandon wanki bai taɓa tuntuɓe ba.

Ka san abin da aka ce? Aka ce tsufa. A asibiti aka ce tsufa, a coci aka ce tsufa, aka sa sunansa cikin masu neman addu'a. Yolanda ta kira shi tana kuka.

"Ka gani ko, Baba? Abin da nake gudu ke nan. Ƙarshen wata zan zo da mota. In gadon bai samu ba, ka zauna a wurina kafin ya samu. Ba shawara nake nema ba."

Ita ba muguwa ba ce. Tsoro ne ya cika ta, kuma tana nesa. Amma akwai wanda ya ga tsoron nan ya ga kasuwa. An makantar da mutum a cikin gidansa, ya faɗi, sannan aka ɗauki faɗuwar aka ce ga shaida. Da jahilci ne da an yi haƙuri.

Ranar da aka sallamo shi, Dikon ya sa maƙwabciya ta buga masa lamba.

"'Yar'uwa Odessa, gidan nan har yanzu da sunana yake?"

"Sai dai in ka sa hannu a wani abu."

"Hannun ma ya karye."

"To naka ne."

"Ina so in gan shi."

Ke ce kika je, Mis Odessa. Likita ya riga ya faɗa miki kafaɗar dama ta gama, kada ki sake ɗaga hannu sama da kanki. Kin san daga ina aikinki yake zuwa, kin san wanda za ki ɓata wa. Ba ki kira taro ba, ba ki nemi fasto ya sa baki ba. Kika loda bokitai kika je.

Ba ta fara da buroshi ba. Ta zo da guntayen katako, kowanne da irin ruwan ɗorawarsa. Ta zaunar da Dikon a falo, ta koma can ƙarshen barandar cikin gida ta ɗaga ɗaya.

"Wannan fa?"

"Kin ɗaga wani abu ne?"

Ta canza. "Wannan?"

"Kamar akwai. Kamar babu."

Haka har ta zo kan na ƙarshe, ɗorawa mai kashe ido irin ta motocin makarantun garin nan, wanda ta ɓoye a ƙasa tana fatan ba za a kai gare shi ba. Dikon ya gyara zama.

"Wa ya shigo min da bas ɗin 'yan makaranta gida?"

"Shi ne mafi muni a cikinsu."

"Shi nake gani."

"Na sani. Kai da Hattie, ku ne ajalina dama."

Sannan ta fito da shuɗin allin nan da ake ja layi da shi a bango, ta murza masa a tafin hannun da ya rage.

"Tashi ka yi safiyarka kamar ba na nan. Daga gado."

"Har banɗaki?"

"Banɗaki ka rufe ƙofa. Na ga abin da ya ishe ni a duniya."

Ya tashi yana lalube, tana biye da shi, hannunta kusa da bel ɗinsa ba ta taɓa shi ba. Duk inda ya dafa, tafi ya fito shuɗi a kan toka. Gefen ƙofar ɗaki. Bangon baranda, daidai kafaɗa. Makunnin fitila. Ƙofar kabad ɗin da kofuna suke. Bangon da ke bayan murhu. Wani wuri kusa da taga wanda babu komai a wurin, sai da ta tambaya ya ce nan kujerar Hattie take a da, ya saba dafa bango ya kewaye ta. Ta zagaye wurin da fensir kamar sauran.

Duk inda tafin ya sauka, nan ɗorawa za ta sauka. Kicin kuwa gaba ɗayansa. Ƙofar ɗakin ƙasa ta yi mata baƙi ƙirin, ta bi bakin kowace matattakala da abin dafawa da ɗorawa, don ta san ko an hana shi sai ya sauka wurin injin wankinsa.

Wanda bai taɓa yi ba zai ce mene ne a ciki. Ɗorawa a kan toka kore take komawa, irin na ruwan kududdufi. Sai an fara kashe tokar da fari, a jira ya bushe, sannan a shafa, a jira, a sake, a sake. Ga sanyi, ba dama a buɗe taga sosai tsoho yana ciki, fenti ya ƙi bushewa. Ta ɗaura rola a sanda, ta koma aiki da hagu. Da hagun ta gaji ta koma dama tana cije leɓe. Samari biyu daga layin sun leƙo za su taya ta, ta dubi yadda ɗaya ya riƙe buroshi ta kore su duka.

"Wannan ba man shafawa a burodi ba ne. Ku je, kada ku ɓata min layi."

Halinta ke nan. Ba a ce mai sauƙin kai ba ce.

Ranar da Yolanda ta iso, Darnell ne ya shigo da ita. Labari ya riga ya kai masa. Mis Odessa tana durƙushe a kicin tana naɗe tamfol. Yolanda ta tsaya a bakin ƙofa da makullin mota a hannu, ta dubi baranda, ta dubi kicin. Gaskiya gidan bai yi kyau ba. Faci-faci ne, kamar hanyar da ake gyara.

"Mis Odessa, mene ne wannan?"

"Fenti."

"Wa ya sa ki?"

"Mai gidan."

Darnell ya ce, "Kin san abin da kika yi? An ɗauki hoto, an sa gida a kasuwa, akwai masu zuwa gani. Yanzu in kawo su su ga me?"

"Su ga mutum a ciki."

"Da girmanki, Mis Odessa. Ina ganin mutuncinki saboda mahaifiyata."

"Bar Loretta ta huta. Da tana nan da ta cire takalmin nan naka ta nuna maka amfanin tsininsa."

"To shi ke nan. Daga yau ba ni ba ke. Kuma ba ni kaɗai ba ne dillali a garin nan, muna magana da juna."

"Ku yi ta yi."

Yolanda ta sa baki. "Ke ba ke za a kira ba in ya sake faɗuwa. Ni za a kira. Ni zan zauna a jirgi ban san ko zan same shi da rai ba. Kin shafa fenti kin tafi gidanki, ni ce da shi."

Mis Odessa ta miƙe da ƙyar, hannun dama yana rataye. "Gaskiyarki, 'yar nan. Ke ce da shi. To ki dube shi."

Ba wanda ya lura da fitowarsa. Suna cikin cacar baki Dikon ya taso daga ɗaki, ya bi baranda, ya wuce baƙar ƙofa ko kallonta bai yi ba. Ya riga ya ɗora ruwa. Suka tsaya suna kallo. Ya buɗe kabad, ya laluba can ciki ya ciro wani tsohon kofi mai tsagaggen baki, ya zuba gahawa da hannu ɗaya bai ɗiga ba, ya sa madara da yawa, ya tako ya ajiye a tebur ta gefen da Yolanda take.

"Zauna, Yoli. Kin sha hanya." Ya juya wajen da muryar Darnell take. "Kai kuma ɗan Loretta, na gama addu'ar. Ajiye min makullina a nan."

Darnell ya dubi Yolanda. Ita kofin take kallo, nata ne tun tana yarinya. Ya ajiye makullin, ya fita.

Ta zauna. Ta ɗaga kofin ta kurɓa.

"Baba, launin nan yana sa ni ciwon kai."

"Ni ma," in ji Mis Odessa.

"In ka sake faɗuwa, ko sau ɗaya ne, ba zan tambayi kowa ba. Zan zo in ɗauke ka."

"Na ji."

Ta kwana biyu ta koma Atlanta ita kaɗai.

Darnell ya cika alkawari. Wayar Mis Odessa ta daina ƙara. Dillalai suka koma wa masu feshi. Kafaɗar da ta ƙarasa a kicin ɗin Dikon ba ta sake ɗaguwa ba, yanzu ko tsefe kanta sai jikarta ta zo. Wannan shi ne abin da aka kira ritaya aka tafa. Darnell yana nan, hotonsa yana manne a kujerun tashar bas yana murmushi. Ranar Lahadi layin gaba yake zama a coci. Ba wanda ya taɓa tambayarsa komai.

Odessa ta kan tsani, mai baki kamar reza. Ke ce kika ga mutum a inda wasu suka ga hoto. Ke ce kika shafa launin da kika fi ƙi, da hannun da aka hana ki ɗagawa, don tsoho ya sami ƙofar banɗakinsa. Ba za ki so rubutun nan ba. Za ki ce surutu ne, ki tambaya ko an biya ni da layi ne. Duk da haka mun gode. Unguwar da ba ta iya faɗa miki a ido ba, ga shi an faɗa a madadinta.

Saura ku masu karatu. Kada ku tafa, an riga an tafa. Wanda yake da tsoho a gida, kafin ya gyara masa gida ya tambaye shi me yake gani. Wanda yake riƙe da buroshi ya koyi cewa a'a, ko da wayarsa za ta yi shiru.

Dikon Beasley yana gidansa har yau. Bai sake faɗuwa ba. Amma sharaɗin Yolanda yana nan, faɗuwa ɗaya ce tsakaninsa da motar Atlanta. Fentin bakin matattakala kuwa takalmi yana cinye shi, na tsakiya sun fara komawa toka. Mis Odessa ta je ta gani da idonta makon jiya, ta tsaya a sama tana zagi, ba ta iya sauka da gwangwani ba. Ta ce ragowar fentin yana ƙarƙashin wurin wanke-wanke, a bayan sabulu. Ta ce duk wanda zai je ya fara biyowa ta gidanta ta ga yadda yake riƙe buroshi. Za ta zage shi. Ya tsaya ya sha zagin, sannan ya je. Kafin Lahadi.